Sukurori Biyu Ke Riƙe Da Bututun Ruger 10/22

Tun 1964 kamfanin Ruger na Amurka ke ƙera bindigar 10/22, mai cin ƙaramin harsashin .22 LR, wanda maƙyastinsa ke cikin gefen gindi. Masu harbin nishaɗi sun rungume ta domin sauya bututunta ba ya buƙatar makaniki.

Yawancin bindigogi murɗa bututun ake yi a jikinsu. Wannan kuwa zura shi ake yi, sai wani ɗan ƙarfe mai siffar V da sukurori biyu su riƙe shi. Bayan an tabbatar babu harsashi a ciki, a cire ƙota, a kwance sukurorin, a zare tsohon. Wurin sa sabon ne ake ganin gwani: dole tsagin gindinsa ya yi daidai da ƙugiyar da ke fizgo kwankon harsashi, kuma a ɗaure sukurorin bi da bi, ba da ƙarfin tsiya ba.

Kamfanoni irin su Volquartsen da Green Mountain na sayar da bututu mai kauri, inci 0.920, wanda ba ya shiga ƙotar asali, sai an sake wata. Kuɗi ya ƙaru ke nan. Dokar Amurka kuma ta sa bindiga mai bututun da bai kai inci 16 ba sai da rajista.

Kulawa ba ta son zaƙewa. Darma da maiƙon harsashi kan taru a mazauninsa, can ne ya fi son goga. Bakin bututu kuwa, sandar sharewa ta ɗan ƙarce shi, saiti ya lalace.