Gargaɗi ga jama'ar Abala da ƙasar Kurfai: a san hannun da ke karɓar taimakon makaranta

Iyayenmu sarakuna da hakimai, malamai da limamai, 'yan kasuwa, iyaye mata masu adashi, da 'yan uwanmu da ke ci-rani a Kwatano, Lome, Akra, Abijan, Aljeriya da Libiya, wannan kira na gaggawa ne, kuma a kan dukiyarku da 'ya'yanku yake. Daga yau kada kowa ya zura hannu aljihu don an ce masa za a gina makarantar addini, ko cibiyar koyar da zaman tare tsakanin addinai, sai ya san abu uku: wa ke karɓa, ina kuɗin za su sauka, kuma me za a koya wa yaran.

Bukatar makaranta a ƙasarmu gaskiya ce. A shekarun 2022 da 2023 makarantun da rashin tsaro ya rufe a jihar Tilaberi sun haura 800. Garin Abala yana ɗauke da 'yan gudun hijirar Mali tun 2012, ga kuma namu da suka baro ƙauyukansu suka taru a gefen gari da yaransu. Duk mai imani idan ya ga yaro na gararamba ba allo ba alli, zuciyarsa za ta motsa. Wannan tausayin ne wasu suka mayar jari.

Hannu uku ne ke miƙowa da sunan addini. Na farko hannun mutanen kirki ne: kwamitin unguwa ko na gari, wanda aka san membobinsa da gidajensu, ana ganin bulo na hawa bisa bulo. Su ne suka fi cutuwa idan amana ta lalace, domin gobe in sun zo da gaskiyarsu ba mai sauraron su.

Na biyu hannun ɗan damfara ne. Shi ba ya zuwa da fuska. Saƙon murya ne a WhatsApp, da hoton yara zaune ƙarƙashin rumfar zana, da lambar da za a tura kuɗi ta Nita, Amana ko Al Izza. Yakan jingina da sunan babban malami wanda bai san zancen ba. Yakan ce a yi sauri kafin Juma'a, wai mai fili zai sayar wa wani. Wani kuma da takarda mai hatimi yake zuwa, ya ce wata ƙungiyar Larabawa ko ta Turawa ta amince da miliyoyi don gina cibiya, kuɗin rajista kawai ake jira daga jama'a. Ku sani hatimi abu ne da ake sassaƙawa a kasuwa da 'yan jikkuna, hoto kuma ana iya ɗauko shi daga kowace ƙasa. Kamfanin aike ba shi da laifi, aikinsa ya kai kuɗi ga sunan da ka rubuta. Ɗan ci-rani da ke nesa da gida shi ne ya fi faɗawa wannan cinikin biri a sama.

Na uku shi ne mafi muni, hannun mai bindiga. Mutanen iyakar Mali sun san shi. Ya shigo ƙauye ko ruga ya ƙirga shanu, ya yanka abin da ya ga dama, ya kira shi zakka. Mun ga inda wannan dukiya ke ƙarewa. Ranar 31 ga Mayun 2017 an kashe jami'an tsaro shida a harin da aka kai Abala. Ranar 25 ga Disamban 2019 an kashe 14 a kwanton ɓauna kusa da Sanam, suna rakiyar masu rajistar zaɓe. Ranar 2 ga Janairun 2021 an hallaka mutum fiye da 100 a Coma Bangu da Zarumdarai, ranar 15 ga Maris na shekarar kuma 58 a yankin Banibangu, akasarinsu masu dawowa daga kasuwa. Sannan ranar Juma'a 21 ga Maris 2025, cikin watan azumi, aka kashe masallata 44 a masallacin Fambita da ke karkarar Kokoru. Wanda ya buɗe wuta a kan sahun sallah ba shi da bakin cewa yana tara kuɗi don addini.

Zakka tana da ƙa'ida, kuma malamanmu sun karantar da ita tun muna yara. Awaki da tumaki sai sun kai 40 ake fitar da ɗaya. Shanu sai sun kai 30. Raƙuma biyar, akuya ko tunkiya guda. Kuɗi kashi ɗaya cikin 40 ne bayan sun kai nisabi shekara ta zagayo. Hatsin damina ushiri ne. Masu cin ta kuma kashi takwas ne da aka ambata a Suratut Tauba, matalauta da miskinai ne a gabansu. Mai bindiga ba ya duban nisabi, ba ya jiran shekara, ba ya kai wa gwauruwa da maraya. Wanda aka ƙwace wa dabba a bakin bindiga an zalunce shi, ba wanda zai zarge shi, rai ya fi dukiya. Gargaɗin yana kan wanda zai yarda da son ransa ya zama ɗan aike, ko mai ajiya, ko mai ba da lambarsa a turo kuɗin da bai san asalinsu ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Tun Agustan 2024 akwai dokar da ta kafa kundin sunayen waɗanda ake zargi da hannu a ta'addanci, kuma shiga cikinsa na iya jawo riƙe dukiyar mutum har da janye masa zama ɗan ƙasa.

Saboda haka, kafin a ba da ko dala:

1. A nemi takardar izinin ƙungiyar. Dokar ƙungiyoyi ta 1984 ta wajabta wa kowace ƙungiya bayyana kanta ga hukuma, dokar tsara harkokin ibada ta Yunin 2019 kuma ta sa gina wurin ibada ƙarƙashin izini. A kai takardar ofishin farfe ko ma'aikatar magajin gari a tabbatar.
2. A je a ga filin da ido, a tambayi maigari ko an ba da shi. Wanda ke nesa ya aiki ɗan uwansa.
3. Idan an ambaci sunan malami, a kira shi a ji daga bakinsa.
4. Kada kuɗin jama'a su zauna hannun mutum ɗaya. Ma'aji daban, magatakarda daban, kuma kowace kyauta da rasit.
5. A riƙa karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a bainar jama'a. Mai gaskiya ba ya jin haushin lissafi.
6. Saƙon da ba ka san tushensa ba, kada ka tura shi gaba.

Ko an cika waɗannan duka, saura tambaya mafi girma: me za a koyar a ciki? Ƙasar nan ta Kurfayawa ce da Buzaye da Fulani da Zabarmawa, rijiya ɗaya muke sha, kasuwa ɗaya muke ci daga Abala zuwa Filinge da Bonkuku. A masallatanmu akwai ɗan ɗariƙa akwai ɗan Izala, cikin ma'aikata da sojojin da ake turo mana akwai Kirista. Nijar ta ɗanɗana abin da zafin kai ke haifarwa: a ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015 an ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai, mutum goma suka mutu, a Yunin 2019 an sake ƙona wata a Maraɗi. Makarantar da za ta koya wa yaro kafirta limamin unguwarsu, ko halatta jinin maƙwabci don addininsa ko ƙabilarsa, ba ta cancanci ko bulo ɗaya daga gare mu ba, ko da kyauta aka kawo ta da rijiyar burtsatse. A tambayi wane ne malamin, a wurin wa ya yi karatu, waɗanne littattafai zai karantar, kuma ko iyaye na da damar shiga su saurara. Wadda za ta koyar da karatu da sana'a da girmama ibadar kowa, ita ce za mu haɗa ƙarfi mu gina.

Limamai su faɗi wannan a huɗuba. Hakimai su hana baƙon mai tara kuɗi buɗe jaka a garinsu sai ya nuna takarda. Ƙungiyoyin 'yan Kurfai da ke Yamai da ƙasashen waje su tsayar da amintattu sanannu da za a riƙa bi ta hannunsu. Wanda aka riga aka damfara kada kunya ta rufe masa baki, ya kai lambar da rasit ɗin aike wurin jandarma, domin shirunsa ne zai ba ɓarawon damar cutar na gaba.

A ci gaba da bayarwa, amma da ido buɗe. Wanda ya ji ya sanar da wanda bai ji ba. Allah Ya ba ƙasarmu lafiya, Ya tsare mana 'ya'yanmu.