MAI GIDA DA ƊAN HAYA: IN KUƊI SUN GAGARA

Yau hirarmu kan hayar ɗaki ce.

A Geceme haya ba ta yi yawa kamar Yamai ko Doso ba, amma akwai ta. Malamin lakkal da aka turo daga nesa, ma'aikacin likita, ɗan kasuwa mai shago, duk ɗakin wani suke kamawa. To, wata ya ƙare, na biyu ya bi shi, ɗan haya bai biya ba. Me mai gida zai yi?

Abin da ba za shi yi ba shi ne ya watsar da kayan mutum waje, ko ya sa wa ƙofa kwaɗo. Gidanka ne, gaskiya, amma fitar da mutum da ƙarfi aikin hukuma ne. Wanda ya yi gaban kansa, sau da yawa shi ake kira ya amsa ƙara, bashin kuma yana nan.

Da farko ka tambaye shi dalili. Wani albashinsa ne ya makara. Wani hatsi ko wake yake jira ya sayar, kuɗinsa sai kaka. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Sai ku zauna gaban shaidu biyu ku yi lissafi. Misali, haya jika 5 ce a wata, an bi shi wata 3, jika 15 ke nan. In zai ƙara jika 3 bisa hayar kowane wata, cikin wata 5 ya fita bashi. Ku rubuta wannan a takarda, da kwanan wata, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, kowa ya riƙe tasa. Ku da kuke zuwa ajin yaƙi da jahilci, ga inda karatunku zai yi aiki. Ni a ganina rabin rigimar haya daga rashin takarda take, don baki yana mantuwa, balle in kuɗi sun shiga tsakani.

In ya saɓa alkawari, sai a je wurin mai gari, in ta ƙi ci a je fadar sarki. Dokar Nijar ta ba sarakuna ikon sulhunta mutane, kuma ana rubuta abin da aka daidaita a kai. Sulhu suke yi, yanke hukunci kuwa na alƙali ne.

Shago yana da tasa ƙa'ida. Nijar tana cikin ƙungiyar OHADA mai dokar kasuwanci ɗaya ga ƙasashe 17 na Afirka. A dokarta da aka gyara a 2010, sai mai shago ya fara aika wa ɗan haya gargaɗi a rubuce, ya jira wata 1 cur, sannan ya kai maganar kotu. Ku adana shaidar cewa gargaɗin ya isa hannunsa, alƙali zai nemi ganinta.