Kallo na biyu: abin da tsohon fim ke tuna wa mutanen Tasawa da Mayahi

A shekarun 1990, in isha'i ta wuce a Tasawa ko Mayahi, ƙarar injin wuta ce ke nuna wa baƙo inda gidan bidiyo yake: dangar zana, ƴan bencina, tele guda, da kaset wanda ya sha juyi har hotonsa ya fara dusashewa. Daga Kano kaset ke fitowa, ya biyo ta Katsina da Maraɗi cikin kayan fatake, kuma kafin sabo ya iso sai mai gida ya yi ta maimaita na hannunsa. Rashi ne ya haifi wannan maimaici. To amma ga shi yau fina-finai sun cika salula, an ma fassara na Indiya da Hausa, duk da haka ba a daina neman na dā ba.

Cikin waɗanda suka fi shan maimaici a ƙasar Hausa akwai Mother India, wanda Mehboob Khan ya yi a 1957, Nargis ta fito a matsayin Radha. Tushen labarin bashin biki ne: rupi 500 da surukar Radha ta karɓa wurin mai ba da rance Sukhilala, wanda ya riƙa kwashe kashi uku cikin huɗu na amfanin gonar kowace kaka. Miji ya rasa hannuwansa, kunya ta sa ya bar gida, ruwa ya ci gona, matar ta ja garma da kanta, daga ƙarshe ta harbe ɗanta Birju don kare mutuncin ɗiyar wanda ya zalunce su.

Yaron da ya fara ganin wannan fim, waƙa da faɗa yake bi, tun da ba ya jin Indiyanci. Maimaici ne ke koya masa labarin. Idan ya girma ya yi iyali, ya ga yunwar 1984 ko ta 2005, ya sayar da hatsinsa da arha a kaka, ya dawo ya sayi tiya da tsada a tsakiyar damina, to ba waƙar zai ƙara ji ba, Sukhilala zai zuba wa ido. Manomin Gulbin Kaba ba ya bukatar tafinta a wurin da ake auna hatsi gaban mai bin bashi. Ɗan kasuwa ma da ke ba da rance kafin girbi, in ya sake kallo, yana iya tambayar kansa gefen wa yake zaune cikin labarin.

Haka abin yake ga Sarraounia, fim ɗin da Med Hondo ya yi a 1986 bisa littafin Abdoulaye Mamani, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO ta Wagadugu a 1987. A kallon farko, jaruntar Sarauniya Mangu ta Lugu ce ke ɗaukar hankali. A na biyu ne mutumin Tasawa ke lura cewa ƙarshen labarin a ƙofar gidansa ya faru: a Dankori aka kashe Kanar Klobb ranar 14 ga Yuli 1899, ƴan kwanaki bayan haka sojojin Voulet da Chanoine suka juya musu baya suka kashe su, kuma kaburburansu na Maijirgi, kan hanyar Damagaram. Ma'aikacin da ya karanta wannan tarihi a lakwal da Faransanci, cikin ƴan layuka, sai ya ga ashe kakanninsa ne aka ƙone wa rumbuna.

Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Sai dai waiwayen gidan bidiyo na taro ne: dattijo na gefe yana bayani, yaro na tambaya, gardama ta biyo baya har wurin mai shayi. Kallon salula kuwa na mutum ɗaya ne, kunne toshe. Magidancin da ke son ɗansa ya san abin da bashi ke yi wa gona, ko abin da ya auku a Maijirgi, zai yi kyau ya nemo tsohon fim ɗin, ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, su kalla tare.