Tramol a Bakin Ruwan Shanga: Akwai Maganin Raba Mutum da Ƙwaya

Tun kafin assalatu masunta sun sauka bakin ruwa. Wanda ya taɓa kwana a tungayen gaɓar Kwara, tsakanin Shanga da Yelwan Yawuri, ya san wannan lokaci: sanyi na ratsa ƙashi, ana tura kwalekwale, ana warware taru. A nan za ka ga saurayi ya zaro ɗan kati daga aljihu, ya ɓallo ƙwaya biyu, ya kora da ruwan shayi. Ko ɓoyewa ba ya yi sosai, don shi a ganinsa ba maye yake nema ba, ƙarfin aiki yake saye. Haka abokinsa mai noman albasa a fadama yake faɗa, haka mai shiga ramin zinare a ƙasar Ngaski, haka ɗan acaɓa. Tramol ta shigo mana ne ta ƙofar sana'a, shi ya sa korarta ke wuya.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 a Najeriya sun yi shaye-shaye a cikin shekara guda. Daga cikinsu, miliyan 4.6 sun sha magungunan kashe zafi irin su tramol da kodin ba da umarnin likita ba. A watan Mayun shekarar gwamnati ta haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan rahoton BBC da ya tona asirin cinikinsa. Kasuwa kuwa ba ta mutu ba, rumfa ta sake. Hukumar NAFDAC ta amince da tramol mai nauyin miligiram 50 da 100 ne kawai, amma wadda ke yawo a aljihun samari mai 200 ce ko 225. A 2025 wani rahoton BBC ya sake bankaɗo ƙwayoyi irin su Tafrodol da ake haɗawa a Indiya ana turo su Afirka ta Yamma, waɗanda suka fi tramol ɗin haɗari.

Me ya sa wanda ya rantse da Alƙur'ani zai bari, bayan kwana uku ya koma? Mu kan ce ba shi da zuciya, ko an yi masa asiri. Amsar tana cikin jikinsa. Allah ya halicci ƙwaƙwalwa da nata sinadaran rage zafi, da wasu 'yan gurabe da suke zama a kai, kamar kuba da makulli. Tramol da kodin da hodar heroyin duk a gurabe ɗaya suke sauka, sai dai da nauyin da ya fi na halitta nesa ba kusa ba. In aka daɗe ana haka, sai ƙwaƙwalwa ta daidaita kanta da baƙon. Ƙwaya ɗaya ta daina isa, a koma biyu, a koma biyar. Ranar da aka yanke, jiki ya birkice: hamma ba ƙaƙƙautawa, majina da hawaye, zufa cikin sanyi, gudawa, ciwon gaɓoɓi kamar an yi wa mutum dukan tsiya, barci ya ƙaurace. Abin yakan tsananta a kwana na biyu da na uku, ya lafa cikin mako guda ko fiye kaɗan. Amma ƙishin ƙwayar da rashin sukuni sukan ɗauki watanni.

Tramol tana da nata ƙarin sharri. Ban da waɗancan gurabe, tana taɓa sinadaran da ke riƙe da walwalar mutum, don haka mai barinta yakan faɗa cikin fargaba da ruɗewa. Idan kuma aka zarce miligiram 400 a yini, wanda shi ne iyakar da likitoci suka sa, tana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Ka auna: biyu daga cikin masu 225 sun riga sun haye wannan iyaka. A kan tudu, mai jijjiga faɗuwa zai yi a ɗauke shi. A tsakiyar tafkin Kainji fa, shi kaɗai da birgi a hannu?

Abin da muka saba yi wa irin wannan yaro sananne ne. A kulle shi a ɗaki, ko a kai shi gidan mari. Ba mu manta da abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumbar 2019 ba, da na Daura da Katsina bayan 'yan makonni: ɗaruruwan mutane, da yawansu da sarƙa a ƙafa. Iyayen da suka kai 'ya'yansu ba mugaye ba ne, rasa mafita suka yi. Sai dai akwai abin da ba a gaya musu ba. Wanda aka tsare wata uku, jikinsa ya sauka daga sabon da ya yi. Ranar da ya fito ya haɗiye adadin da ya saba sha a da, numfashinsa na iya tsayawa. Makonnin farko bayan fitowa daga kurkuku ko gidan tsarewa su ne suka fi kisa, kuma an tabbatar da haka a ƙasashe da dama.

To, ina mafita? A birnin New York, likitoci biyu, Vincent Dole da Marie Nyswander, sun wallafa sakamakon gwajinsu a 1965: sun riƙa bai wa masu shan heroyin wani magani mai suna methadone sau ɗaya a yini, sai mutanen suka natsu, wasu suka koma aiki da makaranta. Sirrin shi ne methadone yana zama a waɗancan gurabe a hankali, ya wuni ya kwana, ba hawa da faɗuwa. In an daidaita awo, ba caji, ba ciwon yankewa. Daga baya aka samu buprenorphine, wanda ake sawa a ƙarƙashin harshe ya narke. Shi rabin buɗewa yake yi wa makullin, yana da iyakar da ba ya wucewa wajen danne numfashi, don haka haɗarinsa ya fi sauƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su biyun cikin jerin muhimman magunguna a 2005. Bincike na shekaru ya nuna masu zama a kan wannan magani, haɗarin mutuwarsu yakan ragu da kusan rabi ko fiye. Na uku shi ne naltrexone, mai toshe gurbin ɗungurungum, amma sai mutum ya yi kwana bakwai zuwa goma ba ƙwaya kafin a fara masa.

Na san abin da dattijo zai ce a majalisa: ai wannan sauya ƙwaya ne da ƙwaya. Tambayar tana kan hanya. Bambancin shi ne likita ke awo, ma'aikacin asibiti ke miƙawa, ana haɗawa da nasiha da bibiya, kuma mutum yana tashi da hankalinsa ya yi salla, ya nemi na cefane. Mai hawan jini ma kullum yake shan magani, ba mu kira shi ɗan ƙwaya ba. Ƙasashen Musulmi sun riga mu tsallake wannan muhawara. Iran na da ɗaya daga cikin manyan shirye-shiryen methadone a duniya, a Malesiya kuwa har a harabar Masallacin Ar-Rahman da ke Kuala Lumpur aka buɗe wurin ba da shi a 2010. A nahiyarmu Tanzaniya ta fara a Asibitin Muhimbili a 2011, Senegal ta buɗe cibiyarta a Dakar a ƙarshen 2014. Najeriya ta makara, sai a 'yan shekarun nan aka soma a wurare ƙalilan.

Amma kada a ɗauko tsarin Dakar a dire shi a Shanga yadda yake. Galibin binciken an yi shi ne kan masu heroyin, mu kuwa tramol ce matsalarmu. Methadone ya fi ta ƙarfi ƙwarai, in aka ba wanda jikinsa bai kai nan ba, yana iya kashe shi. Da yawan samarinmu abin da suke bukata shi ne likita ya riƙa rage musu awo sannu a hankali, yana magance gudawa da rashin barci, yana lura da jijjiga. Waɗanda abin ya yi wa katutu, suka bari suka koma sau da yawa, su ne buprenorphine zai fi amfana. Sannan ga nisa. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da mutanenmu suka fi sani shi ne na Kware a Sakkwato. Daga Dugu Tsoho ko Yarbesse sai ka bi ta Koko da Jega da Tambuwal, wuni ya tafi, kuɗin mota ya cinye ribar kwandon warangi. Maganin da ake karɓa kullum safiya ba zai yiwu daga can ba.

Shi ya sa nake ganin aikin na Yawuri ne. Gwamnatin Kebbi ta horar da likitoci da ma'aikatan jinya kaɗan a babban asibitin garin, ta ware rana guda a mako, ranar da mutanen tungaye ke shigowa kasuwa. A ajiye naloxone, allurar da ke farfaɗo da wanda ƙwaya ta danne wa numfashi, a ƙananan asibitocin Shanga da Warra. Masarautar Yawuri da limamai su sa baki, domin kunyar a gan ka a layi ta fi kuɗin mota hana zuwa.

Kai kuma mai ɗa ko ƙane a cikin wannan hali, kada ka yanke masa ƙwaya rana ɗaya ka rufe ƙofa, kada kuma ka sayo masa wani magani a kemis da sunan na bari. Ka kai shi gaban likita, ku faɗi gaskiyar adadin da yake sha a yini. In ka same shi a kwance ba ya farkawa, numfashi na ja da ƙyar, ƙwayar idonsa ta tsuke, ka kwantar da shi a gefensa, kada ka ɗura masa madara ko manja, a nemi mota zuwa asibiti nan take.