Boga, Lemo da Wasan Bolin: Abin da Hoton Waya Ba Ya Nunawa

Ɗan ƙanwata da ke karatu a Zariya ya dawo gida Taba hutu. Bayan sallar isha'i muna zaune a ƙofar gida sai ya miƙo mini wayarsa yana murmushi. "Kawu, dubi inda muka je a Abuja." Su biyar ne a wani katafaren zaure mai fitilu iri-iri, kowa sanye da takalmin haya, ɗayansu ya sunkuya zai mirgina wata baƙar ƙwallo a kan dogon daɓen katako. Wasan bolin ke nan. Ƙwallon tana da ramuka uku na zura yatsu, mafi nauyi a irinta ta ɗan haura kilo 7, ana sakinta ta yi tafiyar kimanin mita 18 don ta kayar da wasu 'yan turaku 10 masu siffar kwalba. Ban ga aibun wasan ba. Mu ma mun yi langa da ƙwallon tsumma, kowane zamani da abin da ke tara samarinsa.

Idona dai kan teburin da ke bayansu ya tsaya. Boga mai hawa biyu, cuku na zuba ta gefe, tulin soyayyen dankalin Turawa, fikafikan kaza, manyan kofuna na madarar da aka kaɗa da askirim, ga kuma kwalaben lemo. Na tambaye shi sau nawa yake cin irin wannan. Ya ce bolin dai sau ɗaya ya taɓa zuwa, amma abincin ai ba sai an je Abuja ba, a Samaru da Sabon Gari ma akwai shi, kuma duk makon da kuɗi suka shigo sai sun leƙa shi da abokansa. Wannan amsar ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Asalin wannan cima daga Amurka ne, daga irin ƙananan gidajen abincin da suke kira daina. Wanda ya bi tarihinsu zai yi mamakin yadda suka yi kama da teburin mai shayi. A shekarar 1872 wani mutum mai suna Walter Scott a birnin Providence ya riƙa tsayar da keken doki da dare yana sayar da burodi da ƙwai da kofi ga ma'aikatan gidan jarida da sauran masu aikin dare, lokacin da duk gidajen abinci sun rufe. Daga nan abin ya bunƙasa ya zama shaguna masu dogon kanta da kujeru a jere. Abinci ne na leburan da ya wuni ko ya kwana yana aikin ƙarfi, yana neman abin da zai cika masa ciki da sauri kuma da araha. Da zamani ya juya, aikin ƙarfin ya ragu, mota da kujerar ofis suka karɓe, faranti kuwa sai ƙara girma ya yi. Yau alƙaluman hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka na nuna cewa kusan mutum 4 cikin kowane manya 10 a ƙasar na fama da ƙiba mai cutarwa. Mu kuma a daidai wannan lokaci muke rungumar abin. Mr Bigg's ya buɗe a Legas a 1986, KFC ya shigo Najeriya a 2009, sannan ƙananan shagunan shawarma da boga suka bazu har garuruwan da ba su da tsayayyar wutar lantarki.

Bari in fara da sukari, tunda mu mutanen ƙasar rake ne. Duk wanda ya san kasuwar Makarfi ya ga yadda ake loda rake a manyan motoci zuwa sassan ƙasar nan, kuma a fadamun Kudan da Hunkuyi yaro na tasowa da ƙamshin mazarƙwaila a hancinsa. Saboda haka idan aka ce sukari na da illa, sai wani ya yi dariya ya ce kakanninmu sun sha rake har suka tsufa. Gaskiya ne, amma a dubi yadda ake shan rake. Sai ka fere, ka gatsa, ka tauna, ka tsotse, ka furzar, muƙamuƙinka ya gaji kafin ka gama sanda ɗaya. Wanda ke shan kuma yawanci daga gona ya fito, gonar zai koma. Kwalbar lemo ta santilita 50 kuwa minti biyu ta ishe ka, kuma yawancin masu zaƙin suna ɗauke da sukari kimanin giram 50, wato wajen ƙaramin cokalin shayi 12. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce iyakar abin da ya kamata babban mutum ya sha na irin wannan sukari a wuni guda ke nan, kuma rabin haka ya fi alheri. Kwalba ɗaya ta cinye rabon yini, ba a lissafa na kokon safe da na shayin dare ba. Ita kuma madarar askirim ɗin nan, babban kofinta ya kan fi lemon ma sukari. Gwamnatin Tarayya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai zaƙi a dokar kuɗi ta 2021, amma naira 10 a yau wa za ta hana sayen lemo? Kada kuma mai ciwon suga ya karanta wannan ya ce to bari ya koma wa mazarƙwaila. Ita ma sukari ce, launinta ne kawai ya bambanta.

Gishiri ya fi sukari iya ɓuya. Abin da aka yarda babba ya ci a rana bai kai giram 5 ba, ƙasa da cikin ƙaramin cokali ɗaya. A boga akwai gishiri a burodin, akwai a naman, akwai a cukun, akwai a jar miyar kwalba da ake matsawa, sannan a barbaɗa wani a kan dankalin. Zama ɗaya ya kan cinye fiye da rabin rabon yini. Daga nan mutum ya dawo gida ya tarar da miyar da aka jefa wa dunƙule huɗu ko biyar, da dare kuma ya biya wurin mai shayi a dafa masa indomi da duk sinadarinta. Yawan gishiri na ɗaga hawan jini, shi kuwa hawan jini ba ya sallama. Bincike-binciken da aka yi a Najeriya na nuna kusan mutum ɗaya cikin manya uku na da shi, da yawansu ba su sani ba sai ranar da ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta tsaya, a kwashi mutum zuwa asibitin koyarwa na Shika. A ƙauyukanmu har yanzu idan magidanci ya faɗi a bayi da asuba aka ɗauko shi baki a karkace, sai a ce iska ce ta buge shi.

Sai mai. Dankalin da aka dafa abinci ne mai kyau, amma da an yanka shi siri-siri an tsoma a tafasasshen mai sai ya sha man ya ninka nauyinsa a jiki. Boga da dankali da madarar askirim a zama ɗaya sukan haura kalori 1,000, alhali abin da yawancin manya ke buƙata a yini duka tsakanin 2,000 ne da 2,500. Kada wani ya ce ai wasan zai ƙone shi. A bolin jifa biyu kake yi ka koma ka zauna ka jira abokai huɗu su yi nasu, hannunka na cikin faranti. Wanda ya yi huɗa ta awa ɗaya ya fi wanda ya kwana a zauren bolin zufa.

Akwai kuma wani nau'in mai da ake sarrafawa a masana'anta har ya daskare, don kada kayan gashi da na suya su lalace da wuri. Likitoci na kiransa tirans fat, kuma yana toshe hanyoyin jinin zuciya. Ƙasar Denmak ta taƙaita shi tun 2003, Amurka ta hana amfani da shi daga 2018, hukumar NAFDAC ma ta fitar da ƙa'ida cewa kada ya wuce giram 2 a cikin giram 100 na mai. Doka dai tana takarda. Abin da ido zai iya gani shi ne kaskon suya. Man da ya yi baƙi, ya yi kauri, yana kumfa ko yana hayaƙi tun kafin a sa komai, an yi ta juya shi ne kwana da kwanaki. Wannan bai tsaya ga shagunan zamani ba, har mai ƙosai da mai awara da mai soya dankalin Hausa a bakin tasha, kuma da tsadar man gyaɗa a yanzu ba na ganin laifinsu sosai. Amma cikinka naka ne.

Duk waɗannan illoli ne da ke ɗaukar shekaru. Akwai na nan take. Mutane da yawa ba su san cewa niƙaƙƙen nama irin na boga ya fi tsire haɗari ba. Ƙwayoyin cuta a bayan tsoka suke zama, idan aka gasa tsire ko balangu wuta na cin bayan ta kashe su. Idan aka niƙa nama kuwa, an cusa na waje cikin tsakiya ke nan, sai zafi ya ratsa har can. A 1993 a Amurka, bogar da ba ta gasu ba a shagunan Jack in the Box ta kwantar da mutum fiye da 700, yara 4 suka rasu. Wannan a ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa. To ina ga shagon da firjinsa ke jiran janareto? Idan ka gutsuri boga ka ga tsakiyar naman da sauran ja, mayar da ita a ƙara gasawa, ba ƙauyanci ba ne. Haka bama da ɗanyen kabejin da ake cusawa a shawarma, ba wanda ya san da wane ruwa aka wanke shi, ko tun yaushe aka yanka. Dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa biyu a ajiye a wajen firji ba, a zafin bazara kuwa awa ɗaya. A nan ne nake jan kunnen masu tsaraba. Mutum ya sayi shawarma a Zariya da azahar, ya ƙulle a leda, ya tsaya sayayya, ya jira mota ta cika, ya iso Taba ko Ikara bayan magariba ya raba wa yara. Idan amai da gudawa suka biyo baya a fara ba da ruwan gishiri da sukari nan da nan, idan kuma aka ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi mai zafi, ko yaro ya daina fitsari, a tafi asibiti, kada a tsaya sayen ƙwayoyi a kemis.

Ga 'ya'yanmu da ke fita karatu ƙasashen waje akwai ƙarin abin lura. A gidajen daina na Amurka naman alade cima ce ta yau da kullum, musamman siraran yankan da suke kira bekin, kuma sau da yawa a kan faffaɗan ƙarfe ɗaya ake soya shi da ƙwai da naman boga. Sosej ma galibi da shi ake haɗawa, yawancin zaurukan bolin kuma suna sayar da giya. Tambaya kafin a ci ba abin kunya ba ce.

Wani abu kuma da ke ci mini rai, ko da yake ba na lafiya ba ne: a kakar tumatir manomin Ikara kan rasa mai sayen kwandonsa har ya ruɓe a bakin hanya, ga kamfanin sarrafa tumatir a garin da ya sha tsayawa da tashi, sannan ɗansa ya je birni ya biya kuɗin kwando guda a kan faranti ɗaya da aka ɗiga wa jar miyar kwalba.

Ban ce wa ɗan ƙanwar tawa ya daina fita da abokansa ba, kuma ba zan ce ba. Wani malamin jami'ar Harvard, Robert Putnam, ya fitar da littafi a 2000 mai suna Bowling Alone, inda ya nuna damuwa kan yadda Amurkawa suka rage shiga ƙungiyoyin bolin da sauran tarukan da ke haɗa maƙwabta. Zama da abokai shi ne ribar fitar, kuma mu da muke da majalisa a kowace ƙofar gida bai kamata mu raina shi ba. Abin da na ce masa shi ne ya mayar da irin wannan cima ta lokaci-lokaci, kamar naman sallah. Idan an je, a sayi dankali faranti ɗaya a ci tare, a zaɓi gasasshiyar kaza a bar soyayya, a ce a rage bama, a sha ruwa a madadin lemo, in kuwa sai an sha to ƙaramar kwalba. Kada a je da yunwar wuni, don mai yunwa ba ya lissafi. Na kuma tuna masa abin da malamai suka sha karantar da mu na raba ciki kashi uku.

Ya saurare ni har na gama, sannan cikin ladabi ya ce, "Kawu, kai yaushe rabonka da a auna jininka?" Na yi shiru, don na san cokali nawa nake zuba wa shayina, na kuma san ba na wuce mai kilishi. Washegari muka hau babur tare zuwa asibitin da ke kusa da mu. Awon bai ɗauki minti biyar ba. Nasa ya fito lafiya lau. Nawa ya nuna 150 bisa 95, alhali daga 140 bisa 90 ake fara maganar hawan jini. Ma'aikaciyar ta rubuta a kati, ta ce in rage gishiri da dunƙule, in dawo bayan mako guda a sake aunawa.