Koya wa Ɗaliban Sakandare Neman Aiki da Ganawa



Tun a 1977 Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi a sa malaman ba da shawara a makarantun sakandaren Nijeriya, domin su shiryar da yara wajen zaɓen sana'a. To, amma ɗalibi yana iya zaɓen sana'a ya kasa shigarta, muddin bai iya abu biyu ba.

Na farko shi ne takardar neman aiki. A koya masa ya ambaci gurbin da yake nema da inda ya ga sanarwarsa, sannan ya jera makarantun da ya yi da shekarunsu, da sakamakon jarrabawarsa, da sunayen mutum biyu waɗanda za su shaide shi. Kada ya cika ta da roƙo da kukan talauci, domin mai ɗaukar ma'aikaci cancanta yake dubawa.

Na biyu shi ne ganawa, wato intabiyu. A nan tarbiyyarmu takan ci karo da bukatar ofis. An horar da ɗan Bahaushe ya sunkuyar da kai gaban manya, an kuma gaya masa yabon kai jahilci ne. Alhali kuwa masu ganawa sukan ɗauki shirunsa a matsayin rashin sani. Maganin wannan shi ne gwaji a cikin aji: malamai uku su zauna, ɗalibi ya shigo ya gaishe su, ya ɗaga kai ya faɗi abin da ya iya cikin ladabi, sa'an nan a gyara masa. Wanda ya saba da wannan tun a makaranta, ranar ganawa ta gaske bakinsa ba zai mutu ba.

Allah ya sa mu dace.