Rumbun Ciyawa: Maganin Yunwar Shanu Da Rani

Duk wanda ya ratsa dajin Kachia a watan Satumba, ya ga gamba ta shanye tsawon mutum, da wuya ya yarda akwai ranar da saniya za ta kwana da yunwa a wurin. Amma kafin watan Maris ya kama, shanun nan sun rame, haƙarƙari a fili, nono ya ƙafe, maruƙa suna faɗuwa, makiyayi kuwa ya shiga sayar da dabbobinsa a wulaƙance.

Dalili shi ne, ciyawa muddin ta fid da kai ta bushe, amfaninta ya tafi, abin da ya rage kara ne mai cika ciki ba ya gina jiki. Ragowar kuma sai gobarar daji ta lashe. Saboda haka yawan ciyawa da damina ba ya tsinana wa garke kome idan ba a yi tanadi ba.

Hanya ta farko tsohuwa ce. Akan sa lauje a yanke gamba ko kyasuwa tun tana shar, lokacin da ta fara fid da kai, a shanya ta kwana biyu ko uku, a ɗaure dami-dami a ɗora bisa rumfa, nesa da gara da danshi, kamar yadda manoma ke yi da harawar wake da ta gyaɗa.

Hanya ta biyu ita ce a bar abincin a tsaye. A shekarun 1980, masanan Cibiyar Kiwon Dabbobi ta Afirka sun gwada wannan tare da Fulani mazauna Kurmin Biri a Jihar Kaduna. Akan killace fili kamar hekta 4, a kwantar da shanu ciki a farkon damina domin su tattake ƙasa su zuba taki, sa'an nan a watsa irin sitailo, wani tsiro dangin wake wanda ba ya rasa ƙarfinsa da wuri ko ya bushe. Idan rani ya tsananta, sai a riƙa shigar da shanun tatsa da masu ciki na awa biyu ko uku kullum, sauran garke su tafi kiwo.

Sai dai aikin yana da sharuɗɗa. Waya tana da tsada, kuma makiyayin da ba shi da tabbacin fili ba zai kafa shinge a ƙasar da za a iya tashinsa gobe ba. Bugu da ƙari, tilas a share kewayen filin kafin hunturu, domin ashana ɗaya ta isa ta cinye wahalar shekara.

Hausawa na cewa da sanyin safiya ake kama fara. Wanda ke son shanunsa su kai damina da ƙafafunsu, tun ruwa bai ɗauke ba zai wasa lauje ya gyara shinge.